Hannun Gem ɗin da Baba Bai Fasa Ba

Rano,
Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Zulkifilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na can Dubai. Allah ya tsare maka ido da yatsu tunda da su kake neman abinci, ya raba ka da sharrin zaman baƙunta. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Iya ta samu sauƙin ƙafar har ta koma zuwa biki da suna, ko da yake kullum sai ta yi mitar cewa man shafawar da ka aiko ya fi na asibiti wari. Maigidana Abdurrahim yana nan yana fama da motarsa tsakanin Kibiya, Rano da Kano. Nuriyya ta shiga aji uku, Fatima Zahra'u kuwa ta fara tafiya, ba abin da ta bari a mazauninsa a ɗakina. An yi kaka lafiya, dawa ta yi kyau a gonar Baba, gyaɗa ce dai ba ta cika ba. Na ba Hajiya Laraba takardar nan tunda za ta zo sarin kaya, tare da ƙullin kuka da daddawa daga Iya. Na zaɓi rubutu ne don na gaji da kiran da kullum ake ce min kana atisaye, kuma maganar da ke bakina ba ta tsaye ba ce.

Maganar fim ɗin nan ce da kamfanin da yake ɗaukar nauyin wasanka ya yi a kan tarihinka. Na kalle shi tun ranar da ya fito, kuma ka san Turanci nake koyarwa a firamare, don haka ba wanda ya fassara min, ba wanda ya ƙara min gishiri. Da kunnena na ji ka ce ka taso a gidan da aka ɗauki gem haramun, wai mahaifinka ya sha dukanka a kansa, wai shi ya fasa maka hannun gem ɗinka na farko, abin latsawar nan da ake buga wasan da shi, kai kuma ka riƙa satar jiki kana tafiya Rano a ƙasa don ka yi wasa. Zulkifilu, ni na goya ka. Na san ranar da ka fara haƙori, na san ƙaryar da kake yi idan ka sha madarar Iya, amma ban taɓa zaton bakinka zai iya ɗaukar wannan ba. Na zauna a bakin gado da waya a hannu har tuwona ya kama. Ban ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ɓacin da bai taɓa yi a kan wani ɗan'uwa ba, domin amanar Baba ka ci.

Tunda ka manta, bari in tuna maka. Lokacin da Gajere ya buɗe gidan gem a Rano, ka fara maƙalewa a can kana buga ƙwallon talabijin, dattawan unguwarmu a Kibiya suka taso wa Baba, Alhaji Mukhtar a gaba, suka ce wurin caca ne, ya hana ka. Da wani uban ne, da ya ɗauko bulala a huta. Baba kuwa rufe rumfar hatsinsa ya yi ya hau babur ya je ya gani da idonsa. Ya zauna a benci cikin samari da babbar rigarsa, janareto yana ta ƙara a kansa, har ya tabbatar akwai masu sa kuɗi akwai masu wasa kawai. Ya kira Gajere gefe ya ɗaure shi da alkawari cewa ba za ka taɓa buga wasan da aka sa ko sisi a kai ba, kai kuma ya gindaya maka sharaɗin salla a kan lokaci, Islamiyya da gona. Daga nan shi yake goya ka a babur bayan La'asar ya kai ka, ya zauna a waje yana jan carbi har ka gama. Wace tafiyar ƙasa ka yi, kai da ko aikenka bakin kasuwa aka yi sai ka nemi aron keke? Mutane suka sa masa suna Baban 'yan gem, ya yi kamar bai ji ba. Dattawa suka cire shi daga zaman sulhun da ake yi a ƙofar masallaci, suka ce wanda ɗansa ya gagare shi ba zai sasanta 'ya'yan wasu ba. Ka san yadda Baba yake ji da zaman nan, don saboda gaskiyarsa aka sa shi a ciki tun muna yara. Ranar bai ci abincin dare ba, amma washegari ya sake tayar da babur ya kai ka.

Hannun gem ɗin kuwa, ina tsakar gida ina shara aka fasa shi. Wani ɗan garin Tarai ne ya lallasa ka a gasar da Gajere ya shirya, ka dawo kana huci, ka maka shi da bangon zaure da hannunka. Baba ne ya tsince gutsattsarin, ya liƙe da gam, ya yanko robar tayar keke ya ɗaure, ya ce maka wanda bai iya shan kaye ba ba zai iya cin gasa ba. Da hannun nan mai roba ka je Kano ka ci kofinka na farko, daga nan Legas, daga Legas aka ɗauke ka zuwa inda kake yanzu. Da ka samu sababbi ka yar da shi, Baba ya ɗauka ya naɗe a tsumma ya ajiye a akwatinsa tare da takardun gona.

Da daminar bara da mutanen kamfaninku suka zo da kyamarori, kai ka kira ka ce a karɓe su hannu bibbiyu. Iya ta yanka zabbi, aka yi dambu da fura, aka share zaure kamar za a ɗaura aure. Suka tambayi Baba ko akwai wani abu na yarintarka, ya shiga ɗaki da saurinsa ya fito da hannun nan yana murmushi har kunne. Mai kyamarar ya sa tafinta ya ce masa ya daina dariya, ya haɗe rai, wai hoton dattijo ya fi kwarjini haka. Baba ya yi ta ƙoƙari dariya tana ƙwace masa, mu ma muna leƙe ta taga muna ƙyalƙyatawa, Iya tana cewa yau ga Malam Ishiyaku ya zama ɗan fim. Da ƙyar ya samu ya sha kunu na ɗan lokaci suka ɗauka. Wannan fuskar ce suka sa a daidai inda kake cewa shi ya fasa. Duk wanda ya kalla zai ga wani mugun tsoho riƙe da abin da ya lalata, ko nadama babu. Ba da kansu suka san akwai hannun nan a akwati ba, Zulkifilu. Wani ne ya gaya musu abin da za su tambaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda Baba ya yi murna da fim ɗin. Tunda ba ya jin Turanci, ya sa aka tura masa a waya, duk wanda ya zo awo rumfarsa sai ya nuna masa, ga ɗansa a ƙasar waje, ga shi shi ma a ciki. Har cewa yake a duba yadda ya iya haɗe rai. Ni da Abdurrahim muka rasa bakin da za mu gaya masa, muna ta addu'a abin ya wuce a manta. Bai wuce ba. Wani ya ɗora masa muryar Hausa ya watsa, kafin mako ya zagayo ya shiga kowace waya daga Kibiya har Dawaki. A rumfarsa Baba ya ji, a wayar wani mai sayen dawa, da muryar wani baƙo tana faɗin kalamanka ɗaya bayan ɗaya. Abdurrahim yana wurin yana lodin buhuna. Ya ce Baba ya saurara har ƙarshe, ya miƙa wa mutumin wayarsa, ya ci gaba da awo.

Na ɗauka zagi za a yi masa, ashe abin da ya fi zagi ne yake tafe. Ranar kasuwar da ta biyo baya Alhaji Mukhtar ya zo da sauran dattawa har rumfa, a gaban jama'a. Suka ce sun zo neman gafara ne, ashe sun zalunce shi shekara da shekaru. Wai ashe a gida yana tsaye a kan tarbiyya har da duka, rakiyar da yake yi a babur ta sa ido ce don yaro ya fi ƙarfinsa, ga shi ɗan da kansa ya ba da shaida duniya ta ji. Suka ce wurinsa a zaman sulhu yana nan yana jiransa. Sannan Alhaji Mukhtar ya dube shi ya ce ya faɗa da bakinsa kowa ya ji, abin da yaron ya faɗa haka aka yi ko ba haka ba.  Abdurrahim ya ce Baba ya kalli mudun da ke hannunsa, sannan ya ce haka aka yi. Aka yi ta sa masa albarka ana shafa fatiha. Wani ma a wurin ya ce shi ma yau zai je ya farfasa wayar ɗansa, ya yi koyi da Malam Ishiyaku.

Ka san Baba. Mutumin da ko a ciniki ba ya cewa an taya masa kaza idan ba a taya ba, wanda ake kira daga wani ƙauye don ya tsaya shaida a kan iyakar gona. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ƙarya ta fito daga bakinsa ba sai wannan, kuma kai ka sa masa ita a baki. Da labari ya iso ni na hau mota na tafi Kibiya a ranar. Na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na gaishe shi, kuka ya ƙwace min. Shi ya koma rarrashina. Ya ce ya duba ne ya ga ɗayan biyu ne, ko shi ya yi ƙarya a gaban mutanen kasuwa, ko ɗansa ya zama maƙaryaci a gaban duniya, kuma ya ji an ce irin kamfanonin nan ba sa haƙuri da abin kunya, suna iya sallamarka. Ya ce wataƙila su suka matsa maka, yaro a ƙasar mutane ba shi da ƙarfin musu. Har yanzu uzuri yake nema maka. Zaman sulhun da ya yi shekaru yana kewa, an mayar masa, amma bai je ko sau ɗaya ba, kullum sai ya aika cewa ba ya jin daɗi. Ya gaya wa Iya ba zai iya zama ya ce wa wani ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya ba.

Ya hana ni gaya maka, ya ce kada a ɗaga maka hankali ga babbar gasa a gabanka wata mai zuwa. Na saɓa masa, Allah ya yafe min, don idan na yi shiru zuciyata ba za ta bar ni ba. Ban ce ka bar sana'arka ba. Ina alfahari da ita, na sha faɗa da matan unguwa a kanta, kuma na san irin wahalar da ka sha kafin ka kai nan, ciwon wuyan hannu da zaman atisaye tun safe har yamma. Wahalarka ta gaskiya ta isa a yi fim da ita, ba sai ka ara daga mutuncin mahaifinka ba. Idan su suka rubuta maka ka karanta, ka faɗa min. Idan kuma kai ka ga labarin mugun uba ya fi saurin shiga kasuwa, wannan ma ka faɗa min, in san da wa nake magana. Abu ɗaya nake nema. Na san bayan kowane wasa ana miƙa maka abin magana a yi maka tambayoyi. Ka ci ko a ci ka, ka faɗi wanda ya fasa hannun nan da wanda ya ɗaure shi, ka faɗa da Turancinsu, ka maimaita da Hausa yadda ba sai wani ya ɗora murya ba. Idan aikin zai tafi saboda haka, gida yana nan, ba a taɓa korar ka daga cikinsa ba.

Iya tana gaishe ka, ta ce a jiƙa daddawar kafin a sa, kuma ka rage shan abin sanyi. Abdurrahim yana gaishe ka, haka Nuriyya da take ta faɗa wa 'yan ajinsu kawunta yana talabijin. Gajere ya ce in isar da gaisuwarsa, bai ƙara komai a kai ba. Ka gaishe min da Muhammad Sani abokin ɗakinka, Allah ya saka masa da alherin kula da kai da ya yi lokacin da ka yi zazzaɓi.

Baba ma yana gaishe ka, yana sa maka albarka, ya ce yana nan yana yi maka addu'ar nasara. Tun da ka bar ƙasar nan bai taɓa fashin zuwa gidan Gajere kallon wasanka ba, a bencin gaba yake zama. Shekaranjiya ya ce wa Abdurrahim ya zo ya ɗauke shi ranar gasar, sai kuma ya ce a'a, a bari, yanzu idan aka gan shi a can mutane za su gane ɗansa ƙarya ya yi. Ya ce zai zauna a gida, idan an tashi a kira shi a gaya masa ko ka ci.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya dawo mana da kai lafiya. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Sa'adatu Ishiyaku.