Dalar Dahomi da Fadamar Ubanmu

Zuwa ga Malam Akawu, mai ba matafiya shawara kan kuɗin waje a bakin iyakarmu da Dahomi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da alƙalamin nan naka mai tsada. Ni ne Garba, manomin shinkafa daga Lafagu. Na zo ofishinka sau da yawa, masinja yana cewa ka fita rangadi alhali ga kekenka jingine a ƙofa. Shi ya sa na rubuto a fili, a karanta ranar kasuwar Lolo kowa ya ji.

Na ɗaya. Kafin azumin da ya wuce, ƙanena Sanda ya kora shanun wani zuwa Kandi, bijimi ya karya masa ƙafa. Mai masaukinsa ya aiko wani falke da saƙon baki, ya ce in zo da dala ɗari biyar, kuɗin ɗori da abinci da motar dawowa. Ban taɓa ƙetare iyaka ba. Na yi niyyar tambayar 'yan canjin gindin tsamiya a Lolo, sai na tuna shelar da ka sa aka yi, cewa tun da mun sami mulkin kai an daina sauraron jahilan gindin bishiya, mai tafiya waje ya zo wurin masu ilimi. To, na zo wurin mai ilimi.

Na biyu. Ka gyara tabarau, ka ce dala ai sule biyu ce, yaro ma ya sani, saboda haka in nemo fam hamsin. Na ce anya ɗorin ƙafa zai ci haka? Ka yi dariya har da buga tebur, ka ce ƙasar waje ba Lafagu ba ce. A nan kam ka yi gaskiya, ranka ya daɗe. Abin da ba ka faɗa ba shi ne dalar can ba tamu ba ce. Tasu tamma biyar ce, wato faran biyar na kuɗinsu sefa, sunan ne kawai ɗaya. Da na zube kuɗin gaban mai masauki a Kandi, sai ya riƙe baki yana salati, ya tambaye ni ko asibitin garin na zo saye. Duk abin da ya nema bai kai fam huɗu ba. Kuɗin rago guda, Malam! Matar da ke sayar da ƙosai a ƙofar ofishinka ta san wannan, kai da kake cin albashi a kansa za ka ce ba ka sani ba?

Na uku, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. Da na ce ba ni da fam hamsin, ko numfashi ba ka ja ba ka tuna surukinka yana neman fadama wajen Kaoje. Na roƙi a yi jingina, ka ce shi ba ya karɓar jingina, sai saye. Ɗan'uwana na kwance a ƙasar mutane, me zan yi? Na sayar da fadamar da ubanmu ya bar mana, a farashin da ko shaidun sai da suka sunkuyar da kai. Da farko na ɗauka rashin sani ne ya sa ka. Yanzu kam biri ya yi kama da mutum. Zaɓi ɗaya da kanka: ko ba ka san aikinka ba, ko ka san shi fiye da kima.

Na huɗu ƙarami ne. A teburinka na mai da kuɗin nan sefa, a teburinka na mai da su namu da na dawo, kowane juyi ka yanki la'ada. Wannan na bar maka, ka sha shayi.

Ga buƙatuna. Na sayar da akuyoyina na cike giɓin, fam hamsin na nan cif. Na kai wa surukinka, ya ce ciniki ya faɗa. Bakin da ya ƙulla cinikin shi zai kwance, ka sa surukinka ya karɓi kuɗinsa ya mayar mana da fadamar kafin ruwa ya sauka, don shinkafa ba ta jiran shari'a. Sannan ka sake sa a yi shela, da gangar da aka yi ta farko, a gaya wa matafiya dalar can daban, jakarsu ta lissafin kuɗi ma daban.

Ka kuma san abin da wasiƙar nan ta ci mini. Rabin fadamar na Sanda ne. Yana nan yana dogara sanda, kullum yana gyaran iri yana tambayata yaushe za mu fara shara. Har yau na kasa buɗe baki in gaya masa. A kasuwa zai ji, tare da kowa, daga bakin mai karanta wannan.

Allah ya ƙara maka sani, ya ba ka kunyar da za ta tafi da shi. Allah ya tsare 'yan'uwanka daga karaya a ƙasar da ba ka san kuɗinta ba.

Wassalam.

Garba, Lafagu.