Akushin Baffa

Kalgo, daren Laraba, 20 ga Nuwamba, 1996

Yau aka yi mini allurar farko a Sakkwato. Likita ya ce sannu a hankali murya za ta buɗe, gemu ya tsiro, jikina ya zama na namijin da na san ni ne tun ina tallar fura da ɗankwali. Ya haɗa mini da ƙwayar faɗuwar gaba, ɗaya kullum bayan Isha'i, ya ce sai ta yi makonni kafin in ga aikinta. A motar dawowa hannuna sai rawa yake. Ba allurar nake tsoro ba, Inna nake tsoro.

Ni ta fara haifa, saboda kunya ko sunana ba ta faɗi, balle mu zauna kan wannan magana. Kawu na Gwandu ne ya yi mata bayani. Ta ce, "Allah Shi ya san abin da Ya halitta," ba ta ƙara ba.

Da na shigo ko kallona ba ta yi ba. Na zauna inda na saba ci da ƙannena mata. Sai ta ce wa ƙanwata, "Hajo, kai tuwon ga zaure, can maza ka ci." Na bi ta. A akushin marigayi Baffa, mahaifinmu, aka zuba mini, wanda shekara shida ba a taɓa shi ba. Har Inna ta goge shi da man shanu.

Na sha ƙwayar, tunda likita ya ce. Amma tun a zaure hannuna ya daina rawa.