Wuyan da Ya Daina Sunkuyawa

Yaya Tsuruko,

Ina gaishe ki daga Nagoya. Ya ƙafar Inna? An gama yankan rake? Ni lafiya lau, ina cin abinci, sai dai wata 'yar matsala.

Wani tsoho ya faɗi kusa da kekena. Ban taɓa shi ba. Na ɗaga shi, na sunkuya na ba shi haƙuri, washegari na kai masa kankana asibiti, kamar yadda Inna ta koya mana. Yanzu 'yan sanda sun ce in ban buge shi ba, haƙurin me na bayar? Maganar ta kai kotu.

Na ɗauki lauya, Malama Kuwabara, haifaffiyar unguwar da abin ya faru. Shago-shago take bi tana neman wanda ya gani. Da na sunkuya zan gode mata, sai ta ce, "Morihiro, wuyanka babu ƙashi ne? In ka ƙara ba wani haƙuri, ka nemi wani lauyan."

An ce in amsa laifi a sassauta min. Ba zan amsa ba.

Kada Inna ta ji tukuna. Ki kunna wa marigayi Baba turare a madadina, ki aiko min da kwat ɗinsa. A ciki zan tsaya gaban alƙali, kaina a miƙe.

Ƙaninki,
Morihiro