Rasuwar Malam Sannu-da-Zuwa

Cikin alhini da ɗimuwa, Kwamitin Iyaye da Malamai na wannan makaranta ya samu labarin rasuwar mai girma Mataimakin Shugaban Makaranta kuma Malamin Ladabtarwa, dattijon arziki, uban yara, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Malam Sannu-da-Zuwa, wanda Allah Ya karɓi abinSa ranar Laraba da hantsi bayan gajeriyar jinya.

Shekara tara ke nan da marigayin ya tara mu a ɗakin malamai, ya ce a ajiye bulala, domin tarbiyya ba aikin ofishinsa ba ne shi kaɗai. Ya raba wa kowa yara goma-goma, tun daga malamai har maigadi, mai shara, direban bas da baba mai girki, a kan kowa ya san sunayen nasa, ya san wanda bai karya ba, ya kuma kawo labarin abin kirki guda da ɗayansu ya yi kafin a tashi. Yaron da ya makara kuwa, sai marigayin da kansa ya tarbe shi a bakin ƙofa da sannu da zuwa, ya sunkuya ya raɗa masa wata magana a kunne, shi ke nan.

Gaskiya ni na fi kowa jayayya a lokacin. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, na yi dakon katako a ka har Allah Ya kai ni inda nake, bulala na sani, kuma ban ga ta rage ni da komai ba. To amma faɗa ya ragu, an daina fasa tagogi, ɗana na uku da ya gagare ni a gida ya koma mai jera kujerun aji. Har yau ban gane yadda aka yi ba.

Yanzu kan Kwamiti a ɗaure yake. Mun buɗe durowar marigayin, babu doka ko ɗaya a rubuce. Mun zauna awa uku, wasu malamai na cewa a dawo da bulala kafin yara su sangarce, maigadi na rantsuwa in ta dawo a nemi wani maigadin, muka tashi babu matsaya. Mun tambayi yara abin da yake raɗa musu, kowa ya sunkuyar da kai. Ɗan cikina ma ya ƙi faɗa mini.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya maiɗakinsa, da 'ya'yansa, da mai girma Shugaban Makaranta. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Ranar Litinin za a buɗe makaranta. Tunda babu wanda ya yarda ya tsaya a bakin ƙofa, ni zan tsaya, hannuna babu komai. Idan marigayin ya taɓa faɗa wa Hajiya a gida maganar nan da yake raɗa wa yara, don Allah a aiko mini kafin ƙarfe bakwai.

Alhaji Mai Katako
Shugaban Kwamitin Iyaye da Malamai