Munduwar Inna a Kofin Ruwa

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Ya shago? Na gaishe ka ne don haka aka koya mini, ba don raina yana so ba.

Jiya na je duba Inna. Tun daga bakin ƙofa warin ƙafarta ya tare ni. Ka san tana da ciwon suga, ka san gyambon babban yatsanta ya shiga wata na biyu. Na jawo durowa, ƙwayoyin da likita ya rubuta mata suna nan cif, ko ɗaya ba a ɓalle ba. A kan tebur kuwa ga kwalabe uku na wani ruwa fari-fari, da rubutunka a jiki: cokali biyu safe da yamma.

Ita ta ba ni labari, har da alfahari. Wai ka karɓi munduwarta ta azurfa, wadda marigayi Baba ya saya mata, ka datse ta biyu, ka haɗa da batirin shagonka na gyaran rediyo, ka tsoma a kofin ruwa. Da ka ga abin yana jan ƙafa sai ka barbaɗa gishiri. Ka kuma ce mata ni na faɗa cewa azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta.

Na faɗa, ban musa ba. Ranar da ka biyo ɗakin gwajin asibitin da nake aiki na nuna maka farantin gwaji, ƙwayoyin cuta sun cika shi ban da zagayen da aka ɗiga azurfa. Na ce maka idan ta narke a ruwa takan saki 'yan mitsi-mitsi masu caji, su manne wa ƙwayar cuta su huda fatarta, su shiga su tsayar mata da aiki har ta kasa hayayyafa. Shi ya sa ake sa ta a wasu bandejin ƙuna, da awo. Nan ka daina saurare, kamar kullum. Da ka tsaya da ka ji cewa in azurfa ta haɗu da gishiri dunƙulewa take yi ta zama farin gari. Farin nan da kake kira ƙarfin magani, azurfa ce an ɗaure mata hannu da ƙafa. Cikin mutum ma haka yake yi mata. Abin da ya tsira kuma fata yake zuwa ya kwanta, ba ya fita. Je ka dubi dasashinta da faratanta, sun fara yin toka-toka.

Ta ƙi bi na zuwa asibiti, wai za ka ce ta raina wahalarka. Kai kaɗai take ji. Ka je ka ce mata ta bi ni kafin Alhamis.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan gida lafiya. Amsarka ta iso, na karanta ta a tsaye.

Wato mu ma'aikatan asibiti baƙin ciki muke yi da mai basira. Wato tokar da ke faratanta cuta ce ke fita. Sannu, babban likita! Rediyon da ka gyara wa Inna bara har yau tasha ɗaya take kamawa, amma ƙafar uwa ce ka ga ta fi sauƙi.

Ban jira ka ba. Ranar Laraba na tarar zazzaɓi ya rufe ta, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Ni da maƙwabciyarta muka ɗauke ta cak muka sa a mota, tana yi mini faɗa. A asibiti an ɗauki hoton ƙafar. Cutar ta kai ƙashi, Yaya. Ni aka kawo wa ruwan gyambon in duba, da hannuna na shimfiɗa shi a faranti, ƙwayoyin suka tsiro kamar ba su taɓa jin labarinka ba. Na rufe ƙofa na yi kuka, don bakina ne ya ba ka hanyar nan. Wannan laifin kam zan ɗauka. Sauran naka ne.

Likita ya ce za a ba ta allura kwana uku a gani. In ba ta ji sauƙi ba, sai wuƙa.

Auta

Yaya,

Ina fatan kun tashi lafiya. An yi aikin jiya da hantsi. An cire yatsu uku da rabin tafin ƙafa. Likita ya ce da an kawo ta wata guda da ya wuce, wanki da ƙwaya sun isa.

Ba ka zo ba. Matarka ta ce kwana biyu ba ka buɗe shago ba, kana ɗaki ka ja labule. Ban tausaya maka ba, kada ka zaci haka.

Da Inna ta farfaɗo ba ta tambayi ƙafarta ba. Cewa ta yi in duba ko ka ci abinci. Ina gyara mata matashi na ji wani abu mai tauri, ashe kwalbarka ce guda ta ɓoyo a cikin zane, da cokali. Ta riƙe mini hannu ta roƙe ni kada in zubar, in ajiye ta inda za ka gani idan ka shigo, don kada ka ji kunya. Ta kuma ce in gaya maka ruwanka ne ya hana a yanke ƙafar duka.

To, na gaya maka, tunda ta sa ni. Ƙarya ce, kuma ka sani. Kwalbar na juye ta a bayan gida.

Gado na huɗu ne daga ƙofa, ana barin shiga daga ƙarfe huɗu. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga kai. Ka zo yau, ka zo hannu biyu ba komai a ciki, ka ɗaga bargon ka duba da idonka.

Ƙanwarka duk da haka,
Auta