'Yan Dubiya Sun Hana Ni Zuwa Zaman Laraba

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in yi wa baƙi rashin kunya. Wata biyu ke nan da likita ya ce ina da sankarar mama. Na karɓi ƙaddara, ina kan magani. Abin da ya gagare ni shi ne 'yan dubiya.

Tun hantsi ɗakina a cike yake. Wannan ta zo da ƙullin sassaƙe daga Utai, waccan ta zauna a bakin gadona tana ba ni labarin maƙwabciyarta da ciwon ya kashe cikin wata uku, har da wadda ta yi mata wanka! Ni ce mara lafiyar, amma in sun fara kuka ni ke rarrashi.

A asibitin da nake zuwa a Kano akwai wata ma'aikaciya, Sista Suwaiba, mai zama da masu irin ciwona duk Laraba. Sau ɗaya na je. A nan kaɗai na ce ina jin tsoro ba a ce in yi istigfari ba. Laraba uku ke nan ina shiryawa, sai ga dangi daga Achika, mahaifiyata ta ce ba a fita a bar wanda ya zo dubiya. In cire hijabi in koma gado. Mijina Labaran kuwa ba ya da magana sai in yi haƙuri. Wallahi na gaji.

Wadda ta gaji, Wudil

'Yar'uwa, sannu da jiki. Gajiyarki ba butulci ba ce. Su ma ba mugunta ta kawo su ba, ƙauna ce ta sa suka baro gonakinsu, sai dai bakin wasunsu ba linzami.

Zaman Laraba magani ne kamar allura, kada ki sake fashinsa. Malam Labaran ya daina raba haƙuri, ya aika wa dangi cewa Laraba ranar asibiti ce, dubiya kuma bayan la'asar. Ki sa wata babba ta riƙa katse masu labarin mutuwa. Sassaƙen nan ki karɓa da godiya, amma kada ki sha sai likita ya gani.

Hajiya mahaifiyarki kuwa, kada ki yi jayayya da ita. Ki roƙe ta ta raka ki ranar Laraba. Ina zargin ita ma tsoron take ji, kuma har yau ba wanda ya tambaye ta.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.