Duriyan a Kan Malam Abdulwahidu

Daga gadon asibiti, Kuala Lumpur
Yuli, 2020

Zuwa ga uwargida Ɗelu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da awaki. Ya ƙafar Inna? Idan tawa lafiyar kike tambaya, alhamdu lillahi, sai dai kaina ya sha ɗinki kamar tsohon buhu, kafaɗar hagu kuma tana rataye. Kada ki yi kuka. Dariyar ma ki dakata tukuna.

Kin san sunan jika na zo, korona ta rufe sama, na koma ɗan raino. Da aka sassauta kulle, 'yarki Ramatu ta ce in raka ta gonar da take gwajin karatunta, can bayan gari wajen tsaunuka. Ɗelu, karatun nan da gwamnati ke ɗaukar nauyi ashe wani zirnaƙon ƙarfe ne mai girman faifai. Ya tashi yana zuuu, ya leƙa bishiya, ya fesa magani, wai don kada lebura ya hau ya faɗo ko ya shaƙi guba. Na ce mata a Gwarzo tsani da gora ke wannan aikin, kuma ba su taɓa neman digiri ba.

Abin da ake nomawa sunansa duriyan. Ki ɗauka bushiya ta haɗiye kabewa, warinsa kuma albasa ce ta ruɓe a masai. A kan wannan suke rububi. Ba a tsinkarsa, sai ya ga dama ya faɗo da kansa. Zirnaƙon kan duba ya nuna ja a waya idan bishiya na shirin zubarwa, sai a hana kowa shiga ƙarƙashinta.

An ba ni hular kwano, ta ƙi zama a kan zannata, ni kuwa ba zan tuɓe hula gaban wani tsohon Basine mai gajeren wando ba, ko da shi ne mai gonar. Na ga ƙartai uku sun yi cirko-cirko suna kallon waya kamar masu jiran gawa, ga 'ya'ya rataye. Raini ya kama ni. Na ɗauki gora na shiga na zunguri reshe, yadda kowane ɗan halak ke yi wa mangwaro. Ramatu na ihun Baba, tsohon na ihun tak boleh, wato ba a yi. Duriyan na farko da ya faɗo ya kuskure ni. Na biyu bai yi kuskure ba.

Yanzu tsohon ya ce ta kwashe kayanta, ba zai yarda hukuma ta rufe masa gona saboda uban wata ba. Tallafinta zai ƙare a ƙarshen shekara, kuma in babu gwaji a gona babu digiri. Ba ta ce mini uffan ba. Abinci kawai take aiko mijinta Abdulgani ya ajiye a ƙofa. Shirun nan ya fi ɗinkin zafi.

Ki gaida kowa, ki sa ta a addu'a.

Naki mai tabo,
Abdulwahidu

Wangsa Maju
Agusta, 2020

Uwargida Ɗelu,

Bayan gaisuwa da tambayar ruwan bana, an sallame ni, ina gidan su Ramatu.

Ashe munafukin ƙarfen nan yana sama yana ɗaukar hotona tun daga ɗaukar gora har birgima. Ramatu ta kai wa tsohon: ga ja ya kunna, ga ƙartai uku da suka bi umarnin waya ko ƙwarzane babu, ga mijinki. An ce ya yi dariya har ya sarƙe, ya tura wa duk masu gonakin yankin, ya ce ta dawo. Biyu ma sun nemi a kai musu abin. Ka ji mutane! Shekara uku tana musu bayani da Turanci ba su gane ba, sai da suka ga jinin dattijo. Mai shayin ƙasan benenmu yanzu Ankul Duriyan, wato Kawu Duriyan, yake ce mini, har ya tambaya ko kan nawa ya nuna.

Ta yi mini magana jiya, amma da sharaɗi. Ranar da za ta gabatar da aikin ga malamanta ta kwamfuta, zan zauna kusa da ita, a nuna hoton, in faɗa da bakina cewa ƙarfen ne ya yi gaskiya. Na ce wannan ai tsiraici ne. Ta ce Baba, digirina ka zungura. Na tambaye ta wace rana ce.

Har gobe ban yarda abin da batir ke ci da shi ya fi ni hankali ba. Amma Laraba zan sa babbar riga in faɗa, da ƙarfi, don wanda ke barci a cikinsu ma ya ji.

Idan hoton ya iso majalisar ƙofar gidanmu, ki ce mai kama da ni ne.

Ki huta lafiya.

Mijinki, abin da ya rage,
Abdulwahidu